Na Yi wa Abba Ƙarya a Shagon Injin Huda Katako

Assalamu alaikum, Khala Tasnim. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, in da hali kafin ƙarshen watan nan, don in ya wuce ban san amfanin da za ta yi mini ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji biyar na tsaya. Wannan ce takarda ta huɗu, ukun farko duk na yaga su. Filinki ina karanta shi ne a tsofaffin jaridun da Abba yake sayowa a kilo don naɗe ƙafafun gado, wani lokaci sai in tarar rabin amsarki ya bi gadon wata amarya. Amma wannan karon na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa ajiye mini ta ranar Lahadi.

Shekarata goma sha huɗu, ni ce babba a gidanmu, mu uku ne duk mata. Abba kafinta ne a nan Chiniot, ƙofofi yake sassaƙawa. Abin da zan gaya miki ni da mahaifiyata, Ammi, kaɗai muka sani. Shekara biyu ke nan idon Abba yana raguwa. Ya ce kamar hayaƙin murhu ne ya tsaya masa a gaba ya ƙi wucewa. Yana ganin mutum, yana ganin launi, amma lamba ko rubutu sam. Sassaƙa da hannu yake yin ta, yatsunsa sun san hanya. Awo kuma ni nake karanta masa a gida, shi kuma ya yi tsaga a jikin sanda, ya tafi da sandar wurin aiki. A layinmu in aka ji idon masassaƙi ya taɓu, shi ke nan, ba mai sake ba shi ƙofa, sai dai a miƙa masa takardar goge katako ya zauna cikin 'yan aikin yini. Shi ya sa yake ɓoyewa.

Watan jiya wani ɗan kwangila da ke gina sababbin gidaje a hanyar Faisalabad ya ba shi aikin kafa ƙofofi ashirin da biyu, shi da Chacha Sarwar, abokinsa da suka koyi sana'a a hannun malami ɗaya. Ba a ja wuta zuwa unguwar ba tukuna, injin huda na Abba kuma mai waya ne. Ɗan kwangilar ya ce wanda ba shi da mai batir ya haƙura. Chacha Sarwar ya riga ya sayi nasa, ya zo gidanmu yana danna shi a tsakar gida yana tsorata kaji. Ya ce wa Abba, "Arba'in da takwas ne ƙarfinsa, ɗan tsoho. Kai kuma ka zo da igiyarka mu ɗaura ta a jikin rana."

Abba ya ce in duba masa farashi a wayar Ammi. Kwana bakwai ina dubawa, ina kwaɓa fulawa wayar tana jingine da tulu. Na yi ta kallon wani mutum da yake kwance batir yana nuna cikinsa. Ya buɗe na mai araha da aka rubuta wa arba'in da takwas, ƙwayoyi biyar ne a ciki. Ya buɗe na mai tsada da aka rubuta wa goma sha takwas, shi ma biyar ne, kuma sun fi nauyi. Ya ce a irin masu arahar nan sau da yawa lambar rubutu ce kawai. Na kalla sau uku don kada in zama ni ce ban gane ba. Na kuma ji cewa batir ɗin wani kamfani ba ya shiga injin wani.

Na gwada gaya wa Abba yana shan shayi. Na ce, Abba, wani ya ce lambar nan ba kullum take gaskiya ba. Ya ce, "Wani wa? Na cikin waya? Ya taɓa huda katakon tahli mai taurin nan?" Ba da faɗa ya faɗa ba, har yana murmushi. Amma ni, Khala, in aka mayar mini da tambaya sai harshena ya yi nauyi. Na ɗauki kofin na tafi.

Ranar sayen ya ce wa mutanen layi zai kai ni sayen takalmi ne. Shagon cike yake da maza, ni kaɗai ce mace, na ja mayafina har kan hanci. Mai shago ya fito da biyu daga kwali ya ajiye a kan tebur. Ɗaya ja ne, babba, da batir biyu da akwati cike da tsinken huda, har da kyautar tocila. A gefen batir ɗinsa an rubuta arba'in da takwas. Ɗayan ruwan toka ne, ƙarami, batir ɗaya, goma sha takwas, kuɗinsa ya kusa ninka na jan. Irinsa ne mutumin cikin waya ya yaba. Abba ya ɗaga wannan ya danna, ya ɗaga wancan ya danna, ya kara kowanne a kunne. Sai ya sunkuyo kamar zai gyara mini mayafi, ya ce a hankali, "Wanne ne arba'in da takwas?"

Na ce ruwan tokan.

Wallahi ban shirya ba. Na san in na faɗi gaskiya jan zai ɗauka, kuma ba zan iya yi masa gardama a gaban mazan nan ba, ni da na kasa a gida. Abba ya miƙe ya ce wannan yake so. Mai shago ya ce, "Ustad, ai irinku ba a yi muku talla." Suka kusa awa guda suna ciniki, ba wanda ya ambaci lamba. Duk abin da ya zo da shi ya ƙare a wurin, har na takalmin. A hanya yana ce mini Sarwar ya ce nasa da araha, ashe na wasan yara aka sayar masa.

A layinmu ba a fara aiki da sabon kayan sana'a sai an kai wa malamin da ya koya wa mutum. Shi zai yi bismilla ya fara amfani da shi, ya ɗiga masa fentin mai shi don kada ya ɓata a wurin aiki, a raba alawar laddu. Daga nan kuma ba a mayar da shi shago. Malamin su Abba shi ne Ustad Karam Din, ya haura tamanin, amma da tabarau yana ganin komai. Ni aka ba tiren laddu. Abba ya miƙa masa injin da hannu biyu ya ce, "Ustad ji, arba'in da takwas ne." Chacha Sarwar daga bakin ƙofa ya ce, "Wannan ɗan tsakon? Kawo in gani."

Ustad bai ba shi ba. Ya gyara tabarau, ya juya injin, ya duba gefen batir ɗin. Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗago ya kalli Abba, ya kalli idonsa sosai, sannan ya kalle ni. Sai ya yi bismilla, ya huda guntun tahli, tsinken ya shige kamar a cikin sabulu. Ya tsoma yatsa a koren fentin Abba. Ɗigo ɗaya ake yi a kan mariƙi, amma shi sai ya shafa a gefen batir, daidai kan lambar, ya sake tsomawa ya ƙara, har ta ɓace. Ya ce wa Chacha Sarwar, "Kai tun kana yaro hannunka yake da ƙaiƙayi, bari fenti ya bushe." Da na zo wucewa da tire ya ɗauki laddu biyu, ya mayar mini da ɗaya a tafin hannu.

Kwana goma sha uku aikin ya ɗauka. Khala, ban ci abincin kirki ba a kwanakin nan. Kullum in Abba ya fita sai in ce yau ne batir ɗaya zai mutu da rana tsaka, yau ne mutumin cikin waya zai zama maƙaryaci, ɗan kwangila ya kori Abba, kuma ba halin mayarwa tunda an shafa fenti. Ammi ta ɗauka ciwon ciki nake yi, ta yi ta dafa mini ruwan na'ana'a. In na ji ƙarar kekensa a bakin ƙofa sai in leƙa fuskarsa kafin in gaishe shi.

Alhamdu lillahi, ba abin da ya faru. Da azahar yakan kai batir ɗin wurin mai shayin bakin titi da ke da wutar sola, kafin ya ci roti ya yi salla ya cika. A rana ta huɗu na Chacha Sarwar ya fara zafi yana warin roba, batir biyun duka ba sa kai ƙofa ɗaya. Da yamma sai ya riƙa aron na Abba. Abba ya dawo yana dariya har da hawaye, yana kwaikwayon muryarsa, wai, "Yaya, ara mini ɗan tsakon nan minti biyar." Rabon da in ji Abba yana dariya haka tun kafin idonsa ya fara. Ranar da suka kafa ƙofa ta ƙarshe ya shigo da alawar jalebi da takalmina, ya kuma ce ɗan kwangila ya ƙara musu gidaje shida. Na shiga ɗaki na yi sujada, na yi kuka, na fito na ci roti uku. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar an sauke mini buhun alkama daga kai.

To ga abin da ya rage. Abba ya ce in an biya su a ƙarshen wata zai koma shagon ya sayi batir na biyu, da zarto mai batir, irin mai zagayen nan, don rage gefen ƙofa a wurin aiki. Kuma da Chacha Sarwar za su je, don shi ma yana son ya sayi irin na Abba. Abba zai buɗe baki ya ce a ba shi batir na arba'in da takwas. Ko dai a ba shi wanda ba zai shiga ba, ko mai shago ya ce ai naka goma sha takwas ne, Ustad. A gaban Chacha Sarwar, wanda bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin la'asar duk layi zai san Abba ya yi wata guda yana riƙe da abu bai ga lambar da ke jiki ba.

In na gaya masa kuma, zai san na yi masa ƙarya a daidai lokacin da ya mayar da ni idonsa. Gobe in na ce masa inci talatin da biyu, zai yarda? Kuma zai gane Ustad ya san maganar idonsa. Ban san wanda zai fi yi masa ciwo ba. Wani lokaci nakan ce in bi su shagon in yi wata dabara, ko in roƙi Ammi ta ce ita ce ta sa ni. Na san ba daidai ba ne. Shin na yi zunubi, tunda abin ya zama alheri? Kada ki sa sunana don Allah, sunayen mutanen da na ambata ma duk na canza su.

Mai riƙe tiren laddu, Chiniot

*

'Yata,

Wa alaikis salam. Ki fara da cin abincinki. Abin da kika fi tsoro ya wuce, ƙofofi sun kafu, aiki ya ƙaru, Abbanki yana dariya. Wanda ya rage bai kai wancan nauyi ba, ko da yake daga inda kike zaune ya fi kama da dutse.

Na kai takardarki wurin wani mai gyaran irin waɗannan injuna a bayan ofishinmu, na karanta masa wurin da ya shafe shi. Ya ce abin da kika koya daidai ne, kuma kullum ana kawo masa masu babbar lamba sun ƙone. Ya ce in gaya miki, ba kowane mai araha ne banza ba, wanda zai ɗaura labule sau biyu a shekara ya ishe shi, amma ba mai huda tahli daga safe zuwa yamma ba. Ya ƙara da cewa duk wanda zai sayi batir na biyu ya tafi da injin da tsohon batir ɗin a hannu, a sa sabon a gabansa a danna, kada ya saya da baki. Zaɓinki ya yi kyau, kuma kwana bakwai kika yi kina koyo kafin ki yi shi. Wannan naki ne, ba mai ƙwace miki.

Ƙaryar kuwa ƙarya ce, ba zan sa mata wani suna ba don ta zo da alheri. Kuɗinsa ne, sana'arsa ce, kuma ya tambaye ki ne a kan abin da ba zai iya dubawa da kansa ba. Da injin ya mutu a rana ta biyu, da shi zai ɗauki asarar shawarar da bai san an yanke masa ba. Amma shi ma yana da nasa. Kin zo masa da gaskiya a gida ya mayar da ita wasa, sannan ya ɗora wa 'yar shekara goma sha huɗu sirrin da ya fi ƙarfin babba. Ki nemi gafarar Allah, ki nemi ta Abbanki, ki daina hukunta kanki fiye da haka.

Kada ki bi su shago, kada ki sa Ammi ta ɗauki laifin. Ƙarya ta biyu ce za ta ɓata yardar da kike tsoron rasawa. Ki gaya wa Ammi yau, ta zauna kusa da ke. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ƙannenki ba sa nan. Tunda harshenki yana nauyi in an tambaye ki, kada ki jira tambaya, ki faɗi duka a jere: abin da aka rubuta a jiki, abin da kika ce, dalilin da ya sa, da abin da Ustad ya yi. In kin kasa, ki karanta masa wannan shafin, ai kin saba karanta masa. Zai iya yin fushi, zai iya yini biyu bai kula ki ba. Ki bar shi. Mutumin da ya ɓoye ciwonsa shekara biyu don kada a raina shi zai gane, in ya huce, cewa kin gaya masa a ɗaki ne don kada ya ji a kasuwa.

Maganar Ustad kuma, ki kwantar da hankalinki. Tsohon nan ya gani, ya rufe da yatsansa a gaban jama'a, kuma wata guda ke nan ba ki ji maganar a layi ba. Abbanki zai ji kunya, amma zai san akwai namiji guda a sana'arsa da ya sani kuma bai rage masa daraja ba. Ina ganin ya fi kowa buƙatar sanin haka.

Yanzu ga abin da ya hana ni ajiye takardarki, wanda ke kika ambata a wuce. Ba batir ɗin ne ya dame ni ba, zarton ne. Injin huda in hannu ya kuskure, ƙofa ce take lalacewa. Zarto mai zagaye ba a lalubensa da yatsa, kuma da yatsu Abbanki yake gani. Kada a saye shi sai likita ya duba idon nan. Ni ba likita ba ce, ban kuma gan shi ba, amma hayaƙin da kika kwatanta yakan zama yanar ido, ita kuma ana cire ta, mutane da yawa suna komawa aikinsu bayan 'yan makonni. Ko ba ita ba ce, gara a sani da wuri. Akwai asibitocin ido a Faisalabad, har da masu sauƙaƙa wa marasa hali, kuma ba wanda zai tambayi kafintan da ke aiki a wannan hanyar inda za shi. In ya ƙi jin ku ke da Ammi, ku je wurin Ustad Karam Din. Shi kam Abbanki ba zai ce masa "Wani wa?" ba.

Saboda haka in kin zauna a gabansa, kada ki tsaya a neman gafara. Ki ƙare da roƙo ɗaya: kuɗin zarton a fara kai shi asibiti. Kin taɓa yi masa zaɓi a ɓoye don kina tsoron magana. Wannan karon ki yi maganar, ki bar masa zaɓin.

Allah Ya ba Abbanki lafiyar ido, Ya sa albarka a hannunsa, ke kuma Ya sassauta miki harshe a ranar. Ki gaishe mini da Ammi.

Khala Tasnim